Karatun Kimiyya, Sana'ar Hannu da Fita Neman Aiki: Tambayoyin da Mutanen Zariya Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin iyaye da ɗalibai da masu sana'ar hannu a Zariya da kewayenta. An faro daga zaɓen aji a sakandare, aka gangaro har zuwa maganar fasfo da biza. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Kullum ana cewa gwamnati ta fi ba kimiyya da fasaha muhimmanci. A ina ake ganin hakan?

A wajen rabon gurbin karatu aka fi ganinsa. Tsarin ilimi na ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma sha yi masa gyara, ya ce a jami'o'i kashi 60 cikin 100 na waɗanda za a ɗauka su zama 'yan kimiyya, kashi 40 'yan sauran fannoni. A foliteknik kuwa 70 ne da 30. Wannan tunani ne ya haifi tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, don yaro ya taɓa guduma da zarto da wayar lantarki tun yana ƙaramar sakandare.

A takarda ke nan. Waɗanda suka yi makaranta a lokacin suna tuna injinan da aka shigo da su daga waje, aka ajiye a makarantu da yawa cikin akwatunansu har suka yi tsatsa, saboda babu wuta kuma babu malamin da ya san hannunsu. Har gobe matsalar ba ta sauya kama ba. Gurbi yana nan an ware wa ɗan kimiyya, amma yaron da zai cike shi sai ya ci lissafi da fiziks da kemistiri, kuma a nan ne yaranmu da yawa suke tuntuɓe.

Ɗana zai gama aji uku na ƙaramar sakandare. In tura shi ajin kimiyya ko makarantar koyon sana'a?

Ku fara duba lissafinsa, kada ku duba abin da ɗan maƙwabci ya zaɓa. Yaron da lissafi ke ba shi wahala tun yanzu, tura shi ajin kimiyya don a ce "likita zai zama" yakan ƙare da rubuta WAEC da NECO sau biyu sau uku. Sannan ku je makarantar da ƙafarku, ku ce a buɗe muku ɗakin gwaje-gwaje. In kuka tarar da ƙura a kan tebura da kwalabe babu komai a ciki, to a allo kawai ake koyar da kimiyyar.

Makarantar fasaha ba ta rufe wa yaro ƙofar gaba. Jarrabawarta ita ce NABTEB, wadda aka kafa hukumarta a 1992, kuma ana karɓar sakamakonta wajen neman foliteknik da jami'a muddin darussan da ake bukata sun cika. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗauke kuɗin makaranta a kwalejojin fasaha nata, tare da ɗan alawus na wata ga masu koyon sana'a a ƙarƙashin shirinta na koyar da fasaha. A shekarar kuma aka buɗe cibiyar koyon sana'o'i ta jihar Kaduna mai rassa a Rigachikun da Samarun Kataf da Soba, kuma ta Soba ba ta da nisa da mu.

Waɗanne makarantu ne a Zariya suke koyar da irin wannan karatu, ban da ABU?

Tambayar kanta ta nuna inda gizo ke saƙa, domin mutum zai tashi a Tudun Wada ko cikin birni ya girma bai san abin da ake yi a bayan katangar da yake wucewa kullum ba. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ita ce uwa, da tsangayoyin injiniya da likitanci da haɗa magunguna da aikin gona da likitancin dabbobi. A ƙarƙashinta akwai cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da ta dabbobi a Shika, da cibiyar binciken makamashi wadda take da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004.

Sai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan, tun 1964, wadda ba matuƙa kaɗai take yayewa ba, har da masu gyaran jirgi da masu kula da zirga-zirgarsa a sama. Akwai NITT a hanyar Basawa, ta harkar sufuri, tun 1986. Akwai cibiyar fasahar fata ta NILEST a Samaru, inda ake koyon jima da ɗinkin takalmi irin na zamani, da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa. Ga foliteknik ta Nuhu Bamalli ta jihar Kaduna, ga kwalejin ilimi ta tarayya da yanzu ta zama jami'ar ilimi, inda malaman kimiyya suke fitowa. Garuruwan da suka tara irin wannan a Najeriya ba su da yawa.

Ya ci jarrabawa amma bai samu gurbi a ABU ba. Shi ke nan?

A'a. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, don haka zama ɗan Zariya ba ya ba mutum gurbi kai tsaye, musamman a likitanci da masu nema suka yi wa yawa. Akwai hanyar IJMB, wadda ABU ce ke kula da jarrabawarta, mai kai ɗalibi aji biyu. Akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa. Akwai kuma ƙaramar difloma a foliteknik, wadda idan sakamako ya yi kyau ake shiga jami'a da ita. Zaman gida shekara uku ana jiran kwas ɗaya shi ne asara.

Digiri ko babbar difloma? An ce an daina nuna bambanci.

Ba a daina ba. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudirin soke bambancin a 2021, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. A aikin gwamnati har yanzu akwai matakin albashin da mai HND, wato babbar difloma, ba ya wucewa sai ya ƙaro karatu, kuma in zai yi digiri na biyu yawanci sai ya bi ta diflomar gaba da digiri. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniya ma ta bambanta su wajen rajista: mai digiri injiniya ne, mai HND masanin fasaha.

Amma ku raba ofis da wajen aiki. Ɗan kwangilar da ke neman wanda zai auna fili ko ya haɗa allon wutar masana'anta ba ruwansa da launin takarda, zai ba ka kayan aiki ne ya koma gefe yana kallo. A ra'ayinmu, wanda burinsa aikin gwamnati ne ko koyarwa a jami'a ya nemi digiri. Wanda yake son hannunsa ya faɗa da wuri, foliteknik ba faɗuwa ba ce.

Ba mu da halin biyan kuɗin makaranta. Bashin karatun nan gaskiya ne?

Gaskiya ne. An sa hannu a dokar a watan Afrilun 2024, asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayu. Ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne suke nema, da lambar JAMB da NIN da BVN. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata ta ɗawainiya. Babu ruwa a kai, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali a nan. Biya yana farawa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na ribar sana'a.

Bashi ne dai, ba kyauta ba, a faɗa wa yaro haka tun farko. Kuma babu wani ɗan tsakiya a ciki. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai "saka sunan" yaro, kuɗinku yake so.

Mene ne amfanin SIWES? Yara da yawa sa hannu kawai suke zuwa nema.

Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, ita ta ƙirƙiro shirin don ɗalibin kimiyya da injiniya ya shiga masana'anta kafin ya gama. Ɗan jami'a yakan yi wata shida, ɗan ƙaramar difloma wata huɗu, ban da shekara guda ta aiki kafin ya koma HND. Wahalar ita ce masana'antun da aka yi tsarin domin su, irin masaƙun Kaduna, yawancinsu sun rufe. Sai ɗalibi ya ƙare a wani ofis yana gadin fayil, ranar ƙarshe a cike masa littafi a buga hatimi.

Wanda ya samu gareji mai aiki, ko shagon masu haɗa sola, ko wajen gini, ya fi wanda ya samu ofis mai sanyi. Watannin nan su ne kaɗai lokacin da mai karatun injiniya zai zauna a gaban bakanike ya yi tambaya ba tare da jin kunya ba.

Shekara da shekaru ina walda, maigidana ya yaye ni, amma ba ni da takarda ko ɗaya. Akwai abin da gwamnati ta tanada wa irinmu?

Akwai, kuma ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Tsohuwar hanya ita ce gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Sabuwar hanya ita ce takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa, wato NSQ, ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977. A cikin tsarin akwai tanadi na musamman ga wanda ya riga ya iya aiki: ba za a mayar da kai aji ba, abin da ka iya za a auna.

Yadda abin yake, mai tantancewa zai zo inda kake aiki ko a kira ka cibiya. Zai ba ka ƙarfe biyu ya ce ka haɗa, ya duba ko ɗinkin ya shiga ciki ko a sama kawai ya kwanta, ya ga ko ka sa gilashin ido da safar hannu ko kuwa runtse ido kake yi kamar yadda aka saba a bakin titi, ya tambaye ka abin da za ka yi in waya ta yi tartsatsi kusa da galan ɗin fetur. Hotunan ƙofofi da tankunan da ka taɓa yi da shaidar maigidanka duk suna shiga cikin fayil. Yawancin masu sana'armu ba a ingancin aiki suke faɗuwa ba, a kiyaye lafiya da karanta awo a takarda ne.

Me takardar za ta ƙara maka? Matar da za ta ba ka aikin ƙofar gida a Sabon Gari ba za ta tambaye ta ba. Amma kamfanin da ke shimfiɗa bututun gas daga Ajakuta zuwa Kano ko layin dogo daga Kaduna zuwa Kano ba ya ɗaukar mai walda da baki, kuma ofishin jakadanci ba ya karɓar "kowa ya san ni a gari". Duba amsoshin da ke ƙasa kan baƙin ma'aikata da kan fita waje.

Shirin 3MTT fa, ana samun aiki da shi?

Ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta ƙaddamar da shi a 2023, da burin horar da mutum miliyan 3 kan rubuta manhaja, nazarin bayanai, tsaron intanet da makamantansu. Kyauta ne, ta intanet ake nema, kuma yawancin karatun ma ta nan ne. Horo ne, ba takardar ɗaukar aiki ba. Wanda ba shi da kwamfuta da data da hanyar caji zai sha wuya, wannan kuwa ba sai an gaya wa mazaunin Zariya ba. Mata da yawa da zirga-zirga ke yi musu wuya sun fi kowa dacewa da irinsa, tunda daga ɗaki ake yi.

Ga masu digiri suna yawo babu aiki, me ya sa ake kawo 'yan China da Indiya?

Doka ba ta bar abin sakaka ba. Kamfanin da zai kawo baƙo sai ma'aikatar cikin gida ta ba shi izinin adadin guraben da zai cike, baƙon ya karɓi katin zama na CERPAC daga hukumar shige da fice, kuma a haɗa shi da 'yan ƙasa biyu da za su koyi aikin don su gaje shi. A watan Fabrairun 2018 shugaba Buhari ya sa hannu a umarni mai lamba 5, wanda ya hana ba da biza ga baƙon da ake da masu irin ƙwarewarsa a gida. A farkon 2024 an sanya harajin dala 15,000 a shekara kan baƙon darakta da 10,000 kan sauran, amma 'yan kasuwa suka yi ca, aka dakatar da shi cikin makonni.

Inda ake samun ɓaraka biyu ne. Na farko sa ido: sunan masu koyo yakan kasance a takarda, shekaru su wuce ba su gaji kowa ba. Na biyu, kwangilar da aka ciyo bashinta daga wata ƙasa takan zo da kamfanin ƙasar da manyan ma'aikatansa. Akwai kuma na uku da ba mu son ji, wato in kamfani ya ce a kawo masu takardar shaidar ƙwarewa, masu iya aikin suna nan amma takardar babu.

Su kuma 'yan Togo da Binin masu tayil, da 'yan Nijar masu ci-rani?

Su ba su shiga wancan lissafi ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ba biza ya zauna kwana 90, in zai wuce haka ya nemi katin zama. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a watan Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen har sai an yanke wata shawara. Mai ga-ruwa daga Maraɗi ko Damagaram ma ba baƙo ba ne a Zazzau, tun kafin a ja iyaka ake wannan zuwa da komowa.

Masu gini suna neman 'yan Togo ne saboda layin tayil ɗinsu yana miƙewa kuma suna gama aiki ranar da suka ce. A ƙasashensu koyon sana'a yana da wa'adi da jarrabawa a ƙarshe. Korar su ba za ta miƙar da layin kowa ba. An kori baƙi da yawa a 1983, ba ta sa mun samu magina ba.

Ina so in fita waje aiki. Wace hanya ce ta halal a doka?

Najeriya tana da tsarin ƙaurar ma'aikata tun 2014, kuma ba ta hana kowa fita. Abin da doka ta ce shi ne duk kamfanin da zai ɗebi mutane zuwa aiki a waje sai yana da lasisi daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Ka nemi ganin lasisin, ka je ofishin ma'aikatar a Kaduna ka tabbatar. Sai kwantiragi a rubuce cikin harshen da kake ji, mai sunan wanda zai ɗauke ka, da albashi, da awannin aiki, da wanda zai biya kuɗin jirgin dawowa. Bizar kuma ta aiki ce za ta kasance, ba ta ziyara ba.

Ejan da ya ce ka sayar da gona ka ba shi kuɗi, "in ka isa za a canza maka biza", ka riƙe gonarka. Hanyar Agadas zuwa Libiya kuwa ba ta cikin abin da ake shawara a kai.

'Yata ta samu mai kai ta Saudiyya aikatau. Mu bar ta?

Ku fara tambayar da wace biza. Bizar Umara ba ta aiki ba ce. Wadda ta shiga da ita ta zauna ba ta da igama, wato katin zama, ba ta da inda za ta kai ƙara, kullum tana ɓuya har ranar da za a kama ta a kai ta tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro gida. Wadda ta shiga da bizar aikin gida tana ƙarƙashin kafili, kuma sassaucin da Saudiyya ta yi wa tsarin a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. In ta bar gidan ba izini, ana iya rubuta ta a matsayin wadda ta gudu.

Abin da aka fi kuka da shi shi ne karɓe fasfo ranar da aka sauka, alhali dokar ƙasar ma ta hana, da cire albashin watanni da sunan biyan kuɗin hajiyar da ta kai ta, da aiki daga asuba har tsakar dare a gida mai hawa uku. Akwai waɗanda suka dace da mutanen kirki suka yi gini a gida, ba a musu. Amma in mai kai ta ba ta da lasisin da aka ambata a amsar da ta gabata, kuma ta ce kada a gaya wa kowa sai an tafi, wannan maganar hukumar NAPTIP ce, mai yaƙi da safarar mutane tun 2003.

Gaskiya ne an hana likitoci da ma'aikatan jinya fita?

Ba a hana ba, an dai yi ta ƙoƙarin rage gudun. A 2023 wani ƙudiri ya tsallake karatu na biyu a majalisar wakilai, yana neman likita ya yi shekara 5 a gida kafin a ba shi cikakken lasisi, likitoci suka yi masa bore. A Fabrairun 2024 hukumar ma'aikatan jinya ta ce sai mutum ya yi shekara 2 yana aiki kafin ta tantance masa takardu zuwa waje. A Agustan 2024 gwamnati ta amince da tsari na musamman kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, lokacin minista Muhammad Ali Pate. Malaman jami'a ma abin ya taɓa su, domin hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta dakatar da tura su karatu waje daga 2025, saboda tsadar dala da yawan waɗanda ba sa dawowa.

Can ma ƙofar tana ƙara tsukewa. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zo ɗibar ma'aikatan lafiyarsu, ko da yake mutum yana iya neman aiki da kansa. Ingila ta hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali a Maris 2024, sannan ta rufe ɗaukar su daga waje a Yulin 2025. Duk mai tallar wannan biza yanzu, tsohon zance yake sayarwa. Mu da muke bin layi a asibiti mun san abin da tafiyar kowane likita take jawowa, amma wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba a tsare shi da takardar umarni.

Takardun da na samu a nan za su yi aiki a can?

Ba kai tsaye ba. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke auna takardar baƙo, kuma yawanci daga makarantarka za su nemi a turo musu sakamako, ba daga hannunka ba, don haka ka fara neman wannan da wuri, yana cin lokaci. Likita da ma'aikacin jinya sai sun sake jarrabawar lasisi da ta Turanci. Injiniyoyi sun ɗan samu ci gaba a 2023, da aka karɓi COREN a matsayin mamba ta wucin gadi a yarjejeniyar Washinton ta amincewa da digirin injiniya. Mai sana'ar hannu ya koma amsar da ke sama kan NSQ. Sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a fasfo da NIN da kowace takarda, domin Muhammad a nan Mohammed a can ya isa ya tsayar da fayil.

Ɗan'uwanmu ya maƙale a waje. Wa za mu kai wa kuka?

Shi ya nemi ofishin jakadancin Najeriya mafi kusa. A Saudiyya akwai a Riyad da Jidda. Ko fasfonsa yana hannun wani, suna iya ba shi takardar gaggawa ta dawowa gida. Ku kuma a nan ku rubuta wa hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje, in kuma yaudararsa aka yi aka fitar da shi, ku kai wa NAPTIP, tana da ofishin shiyya a Kano. Ga waɗanda ke Libiya da Nijar, hukumar IOM ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura tana dawo da masu son dawowa.

Ku haɗa hoton shafin fasfo, da kwantiragi in akwai, da shaidar kuɗin da aka tura wa ejan, da saƙonnin murya da ya turo, da sunan gari da unguwar da yake. Kada ku ƙara tura wa ejan ko sisi da sunan kuɗin fito da shi kafin ku yi magana da ɗaya daga cikin hukumomin nan.